Tauraron Ɗan'adam da Buhun Masara: Ina Rabon Tamale a Shirin Sararin Samaniyar Ghana?

A daminar 2024 ruwan sama ya ɗauke wa arewacin Ghana makonni a jere, daga watan Yuli har cikin Agusta, daidai lokacin da masara ke shirin goyo. Ganye ya nannaɗe, ƙasa ta tsage, waɗanda suka ci bashin taki suka rasa barci. Ranar 26 ga Agusta, ministan noma na lokacin, Bryan Acheampong, ya ba da sanarwar hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙasashen waje, ya kuma ce manoma sama da dubu 400 sun riga sun yi asara. Mutanen Kaladan dai ba sai an karanta musu jarida ba. Kasuwar Aboabo na nan kusa da su, farashin kwanon masara shi ya ba su labari.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan fari bai zo a ɓoye ba. Can sama, nisan kilomita dubu 36, akwai taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Meteosat, waɗanda ke ɗaukar hoton gajimaren Afirka duk bayan minti 10 zuwa 15, dare da rana. Akwai kuma wasu da ke ƙasa-ƙasa da su, suna ratsawa ta kan gonakin Tolon da Kumbungu da Savelugu duk bayan 'yan kwanaki, suna auna koren shuka. Labari kam yana sama. Abin tambaya shi ne nawa ne daga cikinsa ya sauko har kunnen manomi da mai saye da ajiye hatsi, a lokacin da zai yi musu amfani.

Wata uku bayan wannan, a Nuwamban 2024, gwamnati ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan harkar sararin samaniya, wadda majalisar ministoci ta amince da ita tun 2022. Babban abin da ke ciki shi ne kafa hukumar sararin samaniya ta Ghana. To, duk inda aka ce hukuma, ai an ce kasafin kuɗi, kuma kuɗin daga harajin jama'a zai fito, har da na mai koko da ƙosai a bakin titi. Shi ya sa maganar nan ba ta masu farar riga a Accra kaɗai ba ce. Tamu ce.

Sama na cikin aljihunmu, amma ba tamu ba ce

In ka zaga Kaladan ko Sabonjida ko Zangon Hausawa ka ɗaga kai, da wuya ka wuce gida biyar ba ka ga farantin talabijin a kan rufi ba. Wasu na Multi TV ne da ba a biyan kuɗin wata, wasu na DStv ko StarTimes. Duk wasan ƙwallon Ingila da matasa ke taruwa kallo, da hoton ɗawafi daga Makka a lokacin aikin hajji, ta tauraron ɗan'adam suke saukowa.

Wayar da ke aljihunka ma haka. Taswirar da direban babbar mota ke bi daga Tamale zuwa Techiman, da na'urar bin sawu da wasu masu yalo-yalo ke liƙa wa kekensu saboda ɓarayi, da manhajar da ke nuna maka alƙibla in ka sauka a baƙon gari, duk da GPS suke aiki. Shi kuwa GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, sojojinta ke tafiyar da shi, duniya na amfani da shi kyauta. Adireshin zamani da aka ƙaddamar ranar 18 ga Oktoban 2017, wato GhanaPostGPS, wanda ya raba ƙasar nan gida-gida na mita biyar-biyar, ya ba Tamale lambar da ke farawa da NT, a kan wannan GPS ɗin aka gina shi. Jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline da ke kai jini da magani daga Vobsi kusa da Walewale, su ma da shi suke gane hanya.

Ka ga ke nan mun daɗe da shiga harkar sama, sai dai a matsayin masu saye. Kuma mai saye da bai da wata kasuwa, abin da aka yanka masa shi zai biya. An ga haka a 2025, lokacin da ministan sadarwa Samuel Nartey George ya nemi kamfanin MultiChoice ya rage kuɗin DStv da kashi 30 cikin ɗari, yana cewa abin da ake karɓa a Ghana ya ninka na Najeriya, har ya yi barazanar dakatar da lasisinsu. An yi ta ja-in-ja kusan wata biyu, kafin a daidaita a ƙarshen Satumba a kan ƙara wa masu biya tashoshi a kan kuɗin da suke biya. Darasin da ke ciki a fili yake: ƙasar da ba ta da tauraro, makaminta shi ne lasisi da doka. In ta iya riƙe su, tana da bakin magana.

Abin da Ghana ta taɓa yi

Ba wai Ghana ba ta taɓa leƙa sama ba. Ranar 3 ga Yunin 2017, rokar kamfanin SpaceX ta tashi daga Florida ta Amurka ɗauke da GhanaSat-1, aka kai shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, daga can aka sake shi ranar 7 ga Yuli. Wasu matasa uku na jami'ar All Nations da ke Koforidua, Benjamin Bonsu da Ernest Matey da Joseph Quansah, su suka haɗa shi a wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, cikin wani shiri da ya haɗa da ɗaliban Najeriya da Mongoliya da Bangladash. Girmansa santimita 10 ta kowane ɓangare, nauyinsa wajen kilo ɗaya. Kai, bai kai kwanon awo ba. Ya yi ta kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400, har zuwa Mayun 2019 da ya sauko ya ƙone a iska, kamar yadda irinsa ke yi.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, jami'a mai zaman kanta ce ta ɗauki nauyin aikin, ba baitulmali ba. Na biyu, ba a yi GhanaSat-1 don ya ciyar da kowa ba. Makaranta ce. Ribarsa ita ce mutanen da suka koyi aikin suka dawo gida da shi a ka.

A ɓangaren gwamnati kuwa, akwai cibiyar kimiyya da fasahar sararin samaniya da aka buɗe a 2012 ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Babban aikinta da aka sani shi ne na Kuntunse, kusa da Accra, inda aka ɗauki wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32, wanda wayoyin ƙarƙashin teku suka kashe wa kasuwa, aka mayar da shi na'urar sauraron taurari tare da taimakon Afirka ta Kudu. Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe shi a Agustan 2017. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma wannan dabara ce mai kyau: ba a zubar da tsohon abu ba, an koya wa matasa aiki da shi.

To amma duba taswira. Koforidua kudu, Kuntunse kudu, cibiyar nazarin hotunan sama ta CERSGIS a jami'ar Legon, ita ma kudu. Alhali yankin da damina ɗaya tak gare shi a shekara, wanda in ta ɓaci ba wata sai baɗi, shi ne arewa. Ma'aikatar da ke riƙe da wannan harka kuma ba baƙuwarmu ba ce. Ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, marigayi Dakta Ibrahim Murtala Muhammed, shi ne ministan muhalli da kimiyya da fasaha har ranar 6 ga Agustan 2025 da ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, a kan hanyar zuwa taron yaƙi da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba a Obuasi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Gemun ɗan'uwa

Duk ƙasar da ta kafa hukumar sararin samaniya, abin da ke fara zuwa bakin 'yan siyasa shi ne a sayi babban tauraro a liƙa masa tuta. Kafin Ghana ta kai nan, yana da kyau ta dubi Najeriya, wadda ta riga ta shekaru da yawa.

Najeriya ta kafa hukumarta, NASRDA, a 1999. A Satumban 2003 aka harba mata NigeriaSat-1 daga Rasha, ƙaramin tauraron ɗaukar hoto da wani kamfanin Ingila ya ƙera a kan kimanin dala miliyan 13. Wannan ya yi aiki har ya wuce wa'adinsa, hotunansa ma sun yi amfani a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. A 2011 aka ƙara NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila.

Labarin tauraron sadarwa kuwa daban ne. NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta kuma harba a Mayun 2007, ya lashe wajen dala miliyan 300, mafi yawa bashi. Wa'adinsa shekara 15, amma a Nuwamban 2008, bayan wata 18 kacal, fikafikansa masu zuƙo hasken rana suka samu matsala, ya mutu. Inshora ce ta rufa asiri, aka harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011. Shekara uku ke nan ba a sayar wa kowa komai ba. Da ya hau ɗin ma, sai aka tarar bankuna da gidajen talabijin da kamfanonin waya da yawa sun riga sun ƙulla ciniki da kamfanonin waje, kuma ba a tilasta wa ɗan kasuwa ya bar inda yake samun biyan buƙata don kishin ƙasa kawai.

Ba Najeriya kaɗai ba. Angola ta harba AngoSat-1 a Disamban 2017, ya lalace tun bai fara aiki ba, sai a Oktoban 2022 ta samu madadi. Tauraron haɗin gwiwar ƙasashen Afirka na ƙungiyar RASCOM, wanda aka harba a Disamban 2007, shi ma ya samu matsala tun a hanya, aka maye gurbinsa a 2010.

Lissafin dai ɗaya ne. Babban tauraron sadarwa kamar gina otal ne mai ɗaki dubu a sama: za ka biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, ba ka iya hawa ka gyara in ya lalace, bayan shekara 15 ya tashi aiki, kuma kowane dare da ɗaki ya kwana ba kowa, asara ce. Ghana kuwa ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disamban 2022, ta shiga shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya na dala biliyan uku a Mayun 2023. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kyauta ce, amma zanen aro ne

Wani zai ce, to tunda haka ne, me zai hana mu zauna mu ci na kyauta? Gaskiya akwai na kyautar, kuma ba kaɗan ba. Tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat ga kowa. Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, wanda ke iya rarrabe fili mai faɗin mita 10, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Ɗan'uwansa Sentinel-1 da rada yake aiki, saboda haka gajimare ba ya rufe masa ido, abin da ya sa ya fi dacewa da lokacin ambaliya. Hukumar hasashen yanayi ta Ghana, GMet, tana karɓar hotunan Meteosat. Duk wani ɗalibi mai kwamfuta da intanet a Tamale zai iya sauke hoton madatsar Bontanga ya ga yadda ruwanta ke ja da baya daga Nuwamba zuwa Afrilu, bai biya ko sidi ɗaya ba.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A ƙarshen Janairun 2025, da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, shafin FEWS NET ya rufe. Wannan shi ne tsarin gargaɗin yunwa da aka kafa tun 1985, wanda ke haɗa hotunan sama da farashin kasuwa ya faɗi inda abinci zai yi ƙaranci. Sai tsakiyar shekara ya dawo. Shirin SERVIR na Afirka ta Yamma, wanda hukumar NASA da USAID suka fara a 2016 tare da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, shi ma guguwar ta tafi da shi. A ƙarƙashinsa ne masanan Legon suka yi aikin bin sawun ramukan galamsey daga sama, da na sare itace don gawayi a yankin Gonja ta Yamma.

Taurarin suna nan suna kewayawa, ba su faɗo ba. Abin da ya tsaya shi ne albashin masu fassara hoton. Wannan ya nuna inda raunin yake: ƙasa za ta iya aron ido, amma bai kamata ta ari ƙwaƙwalwa ba. Mutanen da za su karanta hoton, da kwamfutocin da za su ajiye shi, dole su zama a cikin kasafin kuɗin gida.

Maƙwabtanmu na arewa sun ɗauki wata hanyar. A Satumban 2024, Mali da Burkina Faso da Nijar sun sa hannu a Bamako da wani kamfanin hukumar sararin samaniyar Rasha, don samun tauraron sadarwa da na sa ido a kan iyakoki. Wannan ma ya shafe mu, tunda albasar Galmi da shanu da tumatir ta waɗannan hanyoyi suke shigowa Paga da Bawku kafin su iso Tamale. Canza mai ba da aro dai ba shi ne mallaka ba. Tarayyar Afirka kuwa ta buɗe hukumarta ta sararin samaniya a Alƙahira a Afrilun 2025, da niyyar a riƙa haɗa kai maimakon kowa ya yi nasa.

A ƙasa gizo ke saƙa

Akwai wani abu da masu sha'awar roka ba su cika faɗa ba: Meteosat ba ya ganin ruwan sama. Abin da yake aunawa shi ne sanyin saman gajimare. Hadari mai tsawo, samansa na da sanyi ƙwarai, to daga tsawon lokacin da irin wannan gajimare ya yi a kan wuri ake ƙiyasta ruwan da ya zuba. Ƙiyasi ne, kuma sai an gwada shi da ma'aunin ruwa na ƙasa kafin a yarda da shi. A yankinmu kuwa kowa ya san halin hadari: ya zuba a Lamashegu har kwata ta cika, Kaladan ko ɗigo. Inda ma'aunai suka yi nisa da juna, kuskure ya kan yi yawa.

Wannan kuskure kuɗi ne. Tun 2011 Ghana ke da gamayyar inshorar noma, GAIP, wadda ta fara da inshorar fari ga masu noman masara a arewa. Ba a zuwa gonarka a duba. In ma'auni ya nuna ruwa bai kai adadin da aka yanka ba, sai a biya ka. Tsari ne mai sauƙin gudanarwa, amma in ma'aunin ya ce an yi ruwa alhali gonarka ta ƙone, ka tashi a tutar babu, kuma baɗi ko an roƙe ka ba za ka saya ba. Ƙara yawan tashoshin awo a gundumomi, har a harabar makarantu kamar yadda shirin TAHMO ke yi, shi ne maganin wannan, kuma kuɗin tashoshi ɗaruruwa bai kama ƙafar na babban tauraro ɗaya ba.

Ga kuma maganar ambaliya. Kusan kowace shekara, wajen Agusta ko Satumba, kamfanin lantarkin Burkina Faso, SONABEL, kan buɗe ƙofofin madatsar Bagre in ta cika. Ruwan ya biyo kogin Farin Volta, ya bi ta Pwalugu da Nawuni da Daboya, ya haɗu da ruwan sama na gida, ya cinye gonakin bakin kogi. Waɗanda suka ga ta 2007 ba su manta ba. Hukumar agajin gaggawa, NADMO, kan yi shelar a tashi daga bakin kogi. Amma da an tara hotunan rada na shekarun baya, za a iya fitar da taswirar da za ta nuna wace gona ruwa ke ci kowace shekara, wace ce sai shekarar da ya yi yawa. Gargaɗin da ya ambaci sunan ƙauyenka ya fi wanda aka yi wa kowa da kowa shiga kunne.

Mazauna cikin gari ma abin bai bar su ba. Ruwan famfon Tamale daga Nawuni ake jawo shi zuwa matatar Dalun, kuma an daɗe ana kuka da masu ɗibar yashi a bakin kogin, waɗanda ke dagula ruwan su kuma canza masa hanya. Hoton da ake ɗauka duk kwana biyar zai nuna inda aka buɗe sabon rami da hanyar da tifa ke bi. Duk matar da ta taɓa tashi da asuba neman ruwa da jarka ta san darajar wannan.

Sai kuma zango na ƙarshe, wanda ya fi kowane wuya: daga kwamfuta zuwa kunne. Hasashen da aka rubuta da Turanci aka ɗora a shafin intanet, bai iso ba tukuna. Wani kamfanin Suwidin mai suna Ignitia ya gane haka, ya riƙa aika hasashen ruwa ta saƙon waya ga manoman Ghana, ya ma raɗa wa abin suna iska. Kamfanonin gida irin su Esoko da Farmerline sun bi ta hanyar saƙon murya da harsunan gida. To amma na kasuwa sai mai biya. Na gwamnati shi ya kamata ya zama na kowa, da Dagbani da Hausa da Gonja da Mampruli, ta gidajen rediyo irin su Radio Savannah, ta shugabannin kasuwa, har da sanarwar bayan salla in abin na gaggawa ne.

Ranar da teku ta yanke mu

Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya durƙushe a Ghana, harkar banki ta rikice, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. Ita wannan hukuma, wadda 'yan watanni kafin nan ta gargaɗi jama'a cewa Starlink ba shi da izinin aiki a ƙasar, sai ga shi a Afrilu ta amince masa, ya fara aiki a ƙarshen Agusta. Najeriya ta riga mu tun Janairun 2023, Nijar ta biyo baya a 2025.

Starlink, na attajiri Elon Musk, dubban ƙananan taurari ne da ke yawo a nisan kimanin kilomita 550, shi ya sa ya fi na da sauri. Ga asibitin ƙauye ko makarantar da ke bayan kogi, inda kamfanin waya bai ga ribar kafa turke ba, wannan babban sauƙi ne. Amma da ya shigo, kuɗin na'urar kaɗai ya haura sidi dubu biyar, ban da na wata-wata, kuma mafi yawan kuɗin waje yake tafiya. Mai shagon intanet a Tamale zai iya, malamin firamare a ƙauye ba zai iya ba. A nan ne asusun GIFEC, wanda aka kafa don kai sadarwa karkara da kuɗin da kamfanonin waya ke zubawa, ya kamata ya shigo ya saya wa makarantu da ƙananan asibitoci a dunƙule. Sai dai a kiyaye: ba a tsere wa dogaro da waya huɗu a faɗa dogaro da mutum ɗaya.

Abin da ya kamata mu tambaya

Kafa hukuma sai da doka, doka kuwa sai ta bi ta majalisa, inda muke da wakilai. Ga abin da ya dace ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwar Aboabo da sarakunan zango su sa a gabansu.

Da farko, a cikin kowane sidi da za a ware, nawa ne na ƙasa, wato tashoshin awon ruwa, da kwamfutoci, da albashin masu nazari, nawa ne kuma na ofis da motoci da tafiye-tafiye? Na biyu, ina reshen arewa? Jami'ar UDS na nan tun 1992, cibiyar binciken noma ta SARI na Nyankpala, ga jami'ar fasaha ta Tamale. Babu dalilin da zai sa hoton gonar Kumbungu sai ya je Accra an karanta shi kafin ya dawo. Na uku, duk hoton da gwamnati ta saya da kuɗin jama'a, a saya sau ɗaya a raba wa ma'aikatu da jami'o'i, kada ma'aikatar noma da ta filaye da ta gandun daji kowacce ta biya kuɗin abu ɗaya. Na huɗu, in har za a sayi tauraro, a fara da ƙaramin mai ɗaukar hoto, a haɗa kai da maƙwabta, a fito da kwangilar fili, a sa masa inshora, kuma a rubuta cewa 'yan ƙasa za su kasance cikin masu ƙera shi.

Akwai kuma namu na cikin gida. Aikin taswira da awon fili da nazarin hoton sama sana'a ce da ke neman ma'aikata, musamman yanzu da Turai ta yi dokar cewa kokon da za a kai mata sai an nuna ainihin inda gonarsa take, don tabbatar da ba daji aka sare ba. Manhajar QGIS da ake wannan aiki da ita kyauta ce. Asusun raya zango da aka kafa da dokar 2017, da ƙungiyoyin matasanmu, da makarantun Islamiyya masu ɗakin kwamfuta, duk za su iya buɗe wa yara wannan ƙofa, maza da mata. Yaron da ya iya buɗe waya ya gyara a bakin tasha, wallahi ba karatun taswira ne zai gagare shi ba.

Ma'aunin shirin sararin samaniyar Ghana ba zai zama yawan rokar da aka harba ba. Za a auna shi ne da abu mai sauƙi: ko manomin Tolon ya san ya jinkirta shuka da mako biyu, ko na Nawuni ya kwashe amfaninsa kafin ruwan Bagre ya iso, ko mai shagon hatsi ta san lokacin da za ta saya. Damina na zuwa kowace shekara, ba ta jiran majalisa. Allah ya ba mu mai albarka, ya kuma ba shugabanni ikon sa kuɗin jama'a inda zai amfani jama'a.